Abin da daskarewar kwamfuta ta koya mini game da fayilolin wucin gadi

A aikin kula da kwamfutocin ofis babu ƙorafin da ya kai na daskarewa yawa, kuma babu wanda ake yi wa magani da ka kamarsa. Da zarar an ce kwamfuta ta tsaya cak, shawara biyu ce ke fitowa daga bakin kowa: a danne maɓallin wuta har sai ta mutu, in ta tashi kuma a share fayilolin wucin gadi, wato waɗanda manhajoji ke rubutawa na ɗan lokaci suna cikin aiki. Sau da yawa hakan yana yin aiki, shi ya sa shawarar ta samu gindin zama. Abin da wannan aiki ya nuna mini a hankali shi ne, in aka ɗauki matakan nan biyu ba a duba komai ba, na farkon ne ke haifar da lalataccen fayil na gaba, na biyun kuma ya shafe sawun da za a bi a gano ciwon. Gaskiya ne lalataccen fayil na wucin gadi yana iya daskarar da manhaja. Amma shi ma ba haka kawai ya lalace ba, akwai abin da ya lalata shi, kuma wannan abin nake nema duk lokacin da aka kira ni.

Abu na farko da na koya shi ne in tsaya in kalli kwamfutar kafin in taɓa ta, domin daskarewa ba iri ɗaya ba ce. A Windows, kowace taga da ke buɗe tana karɓar saƙonni ba ƙaƙƙautawa: an danna nan, an motsa linzami can, a sake zana wancan gefen. Idan manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙo ko ɗaya ba, sai Windows ta dusashe tagar, ta rubuta Not Responding a samanta. Mutane da yawa suna ganin wannan rubutu su ɗauka manhajar ta mutu, alhali abin da yake faɗa kawai shi ne ta shagala da wani abu har ba ta samu sukunin amsawa ba. Wataƙila lissafi mai nauyi take yi, ko tana jiran faifan ajiya ya miƙo mata bayani, ko tana ƙoƙarin isa ga wata folda da ke kan wata kwamfuta alhali hanyar sadarwa ta yanke. Da dama cikin irin waɗannan, haƙurin minti biyu ko uku ne maganinsu.

Akwai 'yan gwaje-gwaje da ba sa cin minti ɗaya, amma suna raba matsalar gida-gida. Linzami yana motsi? In an danna Caps Lock, fitilarsa tana kamawa tana mutuwa? In tana yi, to zuciyar tsarin na nan da rai, tana sauraron madannai. Ctrl da Shift da Esc in an haɗa su suna buɗe Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki da abin da kowace ke ci? In sauti na ci gaba da tafiya daidai alhali hoto ya tsaya, zargina yakan tafi kan direban hoto, wato ƙaramar manhajar da ke tuƙa katin hoto. Sai in haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B, wanda ke sa a sake tayar da direban: za a ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta, sau da yawa kuma komai ya dawo ba a rasa ko harafi ɗaya ba. Amma idan linzami ya kafe, fitilar Caps Lock ta ƙi motsi, sauti ya maƙale yana maimaita abu ɗaya, lamarin ya wuce na manhaja ɗaya. Nan ana maganar direban da ya kafe a can ƙasan tsari, ko RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai yanzu, ko zafi, ko wutar da ke shiga na'urar. Share foldar wucin gadi ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Tsakanin waɗannan biyun akwai nau'in da ya fi ruɗa mutane, inda komai na motsi amma da ƙyar. Yawanci RAM ce ta cika. Idan ta cika, Windows tana kwashe abin da ba a amfani da shi yanzu ta zuba a wani fayil da ke kan faifai mai suna pagefile.sys, in an buƙace shi ta sake ɗauko shi. Faifai bai kai RAM sauri ba ko kusa, balle tsohon faifai mai juyawa, don haka in buƙata ta yi yawa sai kwamfutar ta koma ba abin da take yi sai kwasa da mayarwa. Tsohon ciwo ne, masanin kwamfuta Peter Denning ya yi bayaninsa tun 1968. Alamarsa a Task Manager a fili take: RAM ta kusa ƙurewa, faifai na kan kashi 100, furosesa kuwa, wato ɓangaren da ke yin lissafi, kusan a zaune take. Maganinsa a rufe abin da ya cinye wurin, galibi burauza mai shafuka barkatai, a ba kwamfutar lokaci ta sarara.

A cikin Task Manager ɗin akwai wani abu da na ga ba kowa ya san da shi ba. A shafin Details, in ka danna ɓangaren dama na linzami a kan manhajar da ta maƙale, za ka ga Analyze wait chain, wanda ke nuna maka wa take jira. Na sha ganin manhajar rubutu ta sandare alhali lafiyarta ƙalau, injin firinta take jira ya amsa, shi kuwa an kashe shi tun jiya. Ka kawar da abin da ake jira, sai ta farfaɗo da aikin mutum a cikinta.

Dalilin da ya sa nake jan ƙafa kafin in danne maɓallin wuta yana cikin yadda kwamfuta ke rubutu. Idan manhaja ta ce a adana, ba nan take komai yake sauka kan faifai ba. Windows tana tara rubutun a RAM na ɗan lokaci kafin ta sauke shi, shi ma faifan yana da tasa 'yar ma'ajiyar da yake tara abu kafin ya rubuta. Dabara ce ta ƙara sauri, kuma tana da kyau muddin wuta ba ta yanke ba. In ta yanke a tsakiya, ko ɗaukewa ta yi ko yatsan mutum ne, abin da ke hanya ya tafi ke nan. Tsarin NTFS da Windows ke amfani da shi yana da kundin da yake rubuta canje-canjen da zai yi, don haka yakan gyara kansa bayan an tashi, sai dai abin da kundin ke karewa shi ne fasalin faifan: sunayen fayiloli, girmansu, da inda suke zaune. Ba ya lamunce abin da ke cikin fayil. Shi ya sa za ka tarar da fayil da sunansa da girmansa daidai, ka buɗe ka ga rabinsa sifili ne zalla.

Fayilolin da aka fi rubutawa a kowane lokaci kuwa su ne na wucin gadi, don haka su ne aka fi samu a buɗe lokacin da wuta ta yanke. Ga yadda zagayen yake. Kwamfuta ta yi nauyi saboda wani dalili, aka kashe ta da ƙarfi, wani fayil da manhaja ke cikin rubutawa ya tsinke, washegari manhajar ta tashi ta karanta shi, ta ci karo da abin da ba ta gane ba, ta maƙale, aka sake kashewa da ƙarfi. Wanda ya zo a ƙarshe ya share fayil ɗin zai ga manhaja ta warke, ya ce ya gano matsalar. Ta biyu ya gano. Ta farko, wadda ta sa aka fara kashewar, tana nan ba a taɓa ta ba, kuma za ta dawo.

Abin da ya fi yi wa mutane ɓarna shi ne ɗaukar duk wani fayil na wucin gadi a matsayin shara. Kamar takardar da ɗalibi ke lissafi a kanta ne kafin ya kwafe amsa: in ya gama kwafewa a yar da ita, amma kafin nan ita ce aikin gaba ɗaya. Ɗauki Microsoft Word. Idan ka adana takarda, ba kan tsohon fayil yake rubutawa kai tsaye ba. Sabon fayil na wucin gadi yake rubutawa tukuna, in ya kammala sai ya kawar da tsohon, ya laƙaba wa sabon sunansa. In ya daskare a tsakanin nan, mai yiwuwa cikakken aikin yana cikin wani fayil da sunansa ya fara da ~WRD ko ~WRL ya ƙare da .tmp, a foldar da takardar take. Ban da wannan, yana ajiye kwafin ceto mai ƙarewa da .asd duk bayan minti 10 in ba a canza saitin ba, sannan takardun da aka rufe ba a taɓa adana su ba yana riƙe su kwana 4 a wata folda mai suna UnsavedFiles. Ƙaramin fayil ɗin nan da sunansa ke farawa da ~$ kuwa ba takarda ba ne, alama ce da ke cewa wani ya buɗe wannan takarda. In Word ya mutu bai ɗauke shi ba, gobe sai a ce maka wani yana amfani da takardar alhali babu kowa. Wannan kam ana iya goge shi, bayan an tabbatar Word a rufe yake.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na takardun da ake buɗewa kai tsaye daga cikin matsattsen fayil na zip ko daga saƙon imel. Kwamfuta tana fito da kwafi ta ajiye a wurin wucin gadi, mutum ya yi ta gyara yana adanawa, a zatonsa aikin na zuwa wurin da ya sani, alhali a can ɗin yake sauka. Wata rana wata abokiyar aiki ta kira ni, kwamfutarta ta daskare ta sake tashi, rahoton da ta wuni a kansa ya koma yadda aka turo mata shi da safe. Kafin in zauna ta ce, "Malam, an ce in na share Temp za ta daina, in share?" Na ce, "Hajiya, dakata tukuna, kada ki goge komai." Na buɗe Temp ɗin, wato foldar wucin gadi, na jera abin da ke ciki bisa lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, sai ga rahoton a cikin wata ƙaramar folda, da gyaranta duka. Daskarewar ba ta ci aikinta ba, sharewar ce za ta ci.

Saboda haka tsarin aikina ya zama a ceci aikin mutum tukuna, sannan a taɓa wani abu. Kuma ko da na tabbata wata folda ce ta lalace, ba na goge ta, suna nake canza mata, in ƙara .old a ƙarshe. Manhajar in ta tashi ba ta ga foldarta ba, sabuwa take ƙirƙira. In zatona bai yi daidai ba, ina mayar da sunan komai ya koma yadda yake. In kuwa ya yi daidai, ina da hanyar tabbatarwa: in mayar da tsohuwar, in ga ko daskarewar za ta dawo. In ta dawo, magana ta ƙare, an wuce zato. Wanda ya goge ba shi da wannan damar, kuma tunda yawanci yana gogewa yake sake tayar da kwamfutar, ba zai taɓa sanin ko gogewar ce ta yi aiki ko tayarwar ba.

Wuraren da na fi samun irin wannan lalacewa sanannu ne. Aikin bugawa da ya tsinke yana zama a C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ya tare duk na bayansa, har manhajoji su riƙa maƙalewa da zarar an nufi bugawa. Sai an tsayar da Print Spooler, ɓangaren Windows da ke jera ayyukan bugawa, an kwashe abin da ke foldar, an sake tayar da shi. Sabuntawar Windows da ta sauko rabi tana zama a foldar SoftwareDistribution, ta yi ta ƙoƙarin girka kanta tana cin faifai. Ƙananan hotunan da ake gani a cikin folda suna da nasu fayilolin masu farawa da thumbcache, in sun gurɓace buɗe foldar hotuna kaɗai ya isa ya kafar da Explorer, manhajar da ke nuna foldoji. Sai kuma ma'ajiyar burauza. Abin lura a nan shi ne foldar Temp da kowa ke gaggawar sharewa ba ita ce ta fi yawan laifi ba, domin yawancin manhajoji sabon suna suke ƙirƙira duk lokacin da suka tashi, ba sa waiwayar tsoffin. Masu haɗarin su ne fayilolin da manhaja ke komawa ta karanta a kowane tashi. Wannan ne ma ya sa ban yarda da manhajojin da ke alkawarin share komai da dannawa ɗaya ba. Suna goge abin da ba su san amfaninsa ba, wasu har da foldar Prefetch, wadda Windows ke amfani da ita tun zamanin XP don hanzarta buɗe manhajoji, in an goge ta kuma sai ta sake gina ta daga farko.

Wani lokaci kuma ba lalacewa ba ce, yawa ne. Akwai tsohuwar hanyar da manhajoji ke bi su roƙi Windows sunan fayil na wucin gadi, wadda ba ta iya ba da suna fiye da 65,535 masu farawa iri ɗaya a folda ɗaya. Manhajar da ke ƙirƙira ba ta gogewa wata rana sai ta ƙure, tun kafin ta ƙure ma neman sunan da ba a ɗauka ba ya fara cin lokaci. Faifan da ya cika maƙil shi ma haka, babu wurin faɗaɗa pagefile.sys, babu wurin rubuta na wucin gadi, sai adanawa ta riƙa tsinkewa a tsakiya.

Misalin da nake yawan tunawa ba a doron ƙasa ya faru ba. A watan Janairun 2004 hukumar NASA ta Amurka ta sauke motar bincike mai suna Spirit a duniyar Mars. Ranar 21 ga watan ta daina aiko da bayanai masu ma'ana, ta shiga tayar da kanta tana sake tayarwa, ta ƙi yin barci, batirinta na ta raguwa. Abin da aka gano shi ne fayiloli sun taru a ma'ajiyarta, har da waɗanda suka rage tun tana kan hanya a sararin samaniya, kuma duk tashi sai manhajarta ta gina jerin fayilolin a RAM, jerin ya fi ƙarfin wurin da ke akwai, ta faɗi ta sake tashi. Injiniyoyin ba su fara da shafewa ba. Umarni suka aika mata ta tashi ba tare da ta taɓa ma'ajiyar ba, suka samu ta natsu, suka binciki abin da ke faruwa, suka sauko da wasu bayanan da ke ciki, sannan suka goge fayiloli suka sake tsara ma'ajiyar. A farkon Fabrairu ta koma aiki, kuma motar da aka yi wa lissafin kwana 90 na Mars ta ci gaba da aiko da saƙo har 2010. Abin da suka yi shi ne abin da Safe Mode, wani yanayin tayar da Windows, ke ba mu a kan tebur: a tashi da mafi ƙarancin abin da ake buƙata, a kauce wa wanda ake zargi, a duba da natsuwa.

Shaidar da ta fi kowace daraja a wurina ita ce lokaci. Ina roƙon duk wanda kwamfutarsa ke daskarewa ya dubi agogo, ya rubuta ƙarfe nawa abin ya faru da abin da yake yi a lokacin. Da wannan nake shiga Reliability Monitor, wanda ake buɗewa da perfmon /rel, yana jera kwanaki da abin da ya samu matsala da abin da aka girka a kowace rana. Sau da yawa a nan ido zai ga matsalar ta faro ne washegarin da aka sabunta wani direba. Daga nan sai Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru da lambobinsu. Masu koyo sukan ga jan rubutu mai lamba 41 daga Kernel-Power su ce sun kama ɓarawo, alhali abin da lambar ke cewa kawai shi ne an tashi ba tare da an kashe yadda ya kamata ba, abin da muka riga muka sani. Amfaninta shi ne ta nuna maka inda za ka fara karantawa da baya. Mintunan da suka gabace ta ne ke da labari. Lamba 1002 na nuna manhajar da ta maƙale da sunanta. Lamba 7 daga ɓangaren faifai na nufin an ci karo da wurin da ya lalace a kansa, 153 na nufin an sake gwada karatu ko rubutu domin na farko bai yi ba, 129 kuma an gaji da jiran faifai har an sake tayar da hanyar da ke haɗa shi da na'urar. Duk inda na ga ukun nan na ƙarshe, na bar maganar fayilolin wucin gadi.

Fayil ya lalace sau ɗaya bayan ɗaukewar wuta, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma in aka gyara ya sake lalacewa, ba a kashe da ƙarfi ba, wuta ba ta ɗauke ba, to na'urar ce da kanta ke rubuta abin da ba shi aka ba ta ba. Biyu nake fara zargi. Faifai yana riƙe da bayanan lafiyarsa da ake kira SMART, manhaja irin CrystalDiskInfo tana karanta su. In adadin ɓangarorin da aka sauya wa wuri, ko waɗanda ke jiran sauyi, ya tashi daga sifili yana ƙaruwa, faifan yana kan hanyar mutuwa. A nan wanne aka fara yi yana da muhimmanci ƙwarai. Kada a fara da umarnin duba faifai na chkdsk /r, domin yana bin faifan ɓangare-ɓangare na tsawon sa'o'i, kuma faifan da ke gargara yana iya mutuwa a cikin wannan wahala. A kwashe bayanan mutum zuwa wani wuri tukuna, mafi muhimmanci a gaba. Na biyu RAM. In tana da wurin da ke juya sifili ya koma ɗaya, duk abin da ya ratsa ta nan zai sauka kan lafiyayyen faifai a gurɓace, kuma ɓarnar ba ta da tsari: yau burauza, gobe sabuntawa, jibi takarda. Cikin manhajojin gwajin RAM, Windows Memory Diagnostic yana kama manyan kurakurai, MemTest86 da aka bari ya kwana yana zagaye ya fi kama ƙananan. Zafi kuma yana da tasa alamar, daskarewa bayan an ɗan jima ana aiki mai nauyi, fanka na ihu, furosesa na dosar digiri 100 tana rage gudu don ta tsira. Sau da yawa ƙura ce ta toshe hanyar iska.

Umarnin sfc /scannow da na DISM da ake yawan ba da shawara suna da wurinsu, fayilolin Windows kanta suke dubawa su gyara. In sun ce sun gyara, bayan mako suka sake samun wasu, tambayar ta koma kan na'ura.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ɓata bincike. Tun daga Windows 8, in Fast Startup na kunne, Shut down ba ya sa tsarin ya tashi daga tushe. Yana adana halin da zuciyar tsarin da direbobi ke ciki a hiberfil.sys, gobe a ɗora daga nan. Mutum zai rantse yana kashe kwamfutarsa kullum, kuma gaskiya ya faɗa, amma ka duba Task Manager ka ga ta yi makonni ba ta tashi sabuwa ba. Restart ne ke wanke wannan.

Abin da ya fi wuya a aikace shi ne canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, musamman in mai kwamfutar na tsaye a kanka aiki na jiransa. Zuciya takan so a yi duka a wuce wurin. Amma in na buɗe sabon asusu a kwamfutar na ga daskarewa ba ta biyo shi ba, na san ciwon yana cikin fayilolin tsohon asusun ne, ba Windows ba, ba na'ura ba. In ta lafa a Safe Mode, sai in shiga msconfig, tagar saitin tashin Windows, in kashe rabin abubuwan da ke tashi tare da tsarin, in gwada, in sake raba rabin da ake zargi biyu, har ya rage ɗaya. Tambayar da nake yi wa mai kwamfuta ma na canza mata fasali. "Me ka yi mata?" tana sa mutum ya ja baya ya ɓoye abin da nake buƙata, domin ya ji ana tuhumarsa. "Yaushe rabonka da ganinta lafiya, me kuma ya canza tun lokacin?" tana sa ya tuna sabon firinta da aka haɗa, ko ranar da batiri ya ƙare yana tsakiyar aiki.

Ba na ɗaukar aiki ya ƙare don kwamfuta ta tashi. Sai an maimaita ainihin abin da ake yi lokacin da ta daskare, takardar nan, firintar nan, shafin nan, ta wuce lafiya. Sannan in rubuta abin da na canza da ranar da na canza shi, in bar wa mai ita. Bayan kamar mako guda in koma in buɗe Reliability Monitor. In kwanakin sun wuce babu jar alama, a ranar nake goge foldar da na sa wa .old, in kunna Storage Sense ya riƙa share na wucin gadi da kansa. In kuwa akwai ko ɗaya, tsohuwar foldar na nan, lokacin da abin ya faru na rubuce, daga nan nake ɗorawa.